Girka Sabar Rumbun Bayanai a Laftof: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗaliban kimiyyar kwamfuta da masu rubuta manhaja a Birnin Kebbi, Kalgo, Aliero, Gusau da Ƙaura Namoda suka fi yawan yi idan aiki ya kai ga ajiye bayanai. An amsa su da la'akari da irin kayan aikin da ke hannun mafi yawanmu: laftof na hannu mai ram 4GB ko 8GB, batir da ya fara gajiya, data mai tsada, da wutar da ba ta sallama kafin ta tafi.

Hanyoyi nawa ne ma ake girka sabar rumbun bayanai, wato manhajar da ke ajiye bayanai tana ba da su idan an tambaya?

Waɗanda za ka ci karo da su a aikace guda biyar ne. Akwai girkawa kai tsaye, wato ka sauke fayil ɗin girkawa na PostgreSQL ko MySQL, ko ka ba da umarni ta apt a Ubuntu ko Homebrew a Mac. Akwai kayan da aka haɗa wuri guda irin XAMPP da Laragon da WampServer, inda sabar yanar gizo da PHP da rumbu ke zuwa tare. Sai kwantena ta hanyar Docker, wato manhajar da ke gudanar da rumbun a keɓe tare da duk abin da yake buƙata. Sai girkawa cikin WSL, wato Linux ɗin da ke zaune a cikin Windows. Na ƙarshe shi ne ka ƙi girka komai, ka yi hayar rumbu a intanet kamar na Supabase ko Neon.

SQLite ba ya cikin lissafin nan domin ba saba ba ne, fayil ɗaya ne da manhajarka ke buɗewa da kanta.

Wanne ya kamata in zaɓa?

Kafin ka dubi laftof ɗinka, fara tambayar inda aikin zai zauna idan an gama shi. Idan mai aikin ya sayi masaukin shafin intanet irin na cPanel, kusan koyaushe MySQL ko MariaDB za ka tarar a can. Idan saba ce ta Linux da kai za ka tsara, zaɓi yana hannunka, kuma mu PostgreSQL muke fifitawa ga sabon aiki saboda tsananinsa wajen ƙin karɓar gurɓataccen bayani. Abin da ke can shi za ka girka a nan, har da lambar siga. Wanda ya yi aikinsa a kan MySQL 8 sannan ya ɗora shi a kan tsohuwar MariaDB, ranar miƙa aiki ce zai san bambancinsu, lokacin da fayil ɗin da ya fitar ya ƙi shiga saboda wani tsarin jera haruffa mai suna utf8mb4_0900_ai_ci da tsofaffin sigogin MariaDB ba su san shi ba.

Bayan wannan sai ƙarfin na'ura. Mai ram 4GB ya girka kai tsaye, ya bar Docker. Mai 8GB da aiki ɗaya ko biyu a gabansa, kai tsaye ɗin dai ya fi masa sauƙi. Wanda ke riƙe da ayyukan mutane daban-daban, wannan na son PostgreSQL 14 wancan na son 17, ko kuma yana aiki da abokai da dole kowa ya samu tsari iri ɗaya, shi ne Docker zai amfana da gaske.

Kowa yana cewa Docker ne na zamani. Me ya sa kuke hana mai ƙaramar na'ura?

Saboda a Windows da Mac, Docker ba ya gudu shi kaɗai. Sai an tayar da wata ƙaramar Linux a ɓoye, ita ce ke ɗauke da kwantenonin. A Windows WSL 2 ke yin wannan aiki, kuma idan ba ka taka masa birki ba yana iya cin rabin ram ɗin na'urar. To ka lissafa: Windows ta ɗauki nata, Chrome da shafuka goma ya ɗauki nasa, VS Code yana buɗe, ga Docker Desktop. A 4GB babu abin da ya rage, na'ura za ta koma rubuta abin da ya kamata ya zauna a ram a kan faifai, fanka ta yi ta kuka. A zafin Afrilu na Birnin Kebbi, inda ake haura digiri 40, laftof ɗin da ƙurar hunturu ta toshe wa iska zai rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone.

Shi kuwa rumbun ba shi da nauyi haka. PostgreSQL yana zuwa da shared_buffers na 128MB, MySQL ma innodb_buffer_pool_size ɗinsa 128MB ne tun daga masana'anta. PostgreSQL da aka girka kai tsaye, idan ba a tambayarsa komai, kusan ba za ka san yana nan ba.

Idan kana da 8GB kuma dole ne ka yi Docker, buɗe fayil mai suna .wslconfig a babbar foldarka ta mai amfani, ka rubuta [wsl2] a layin farko, memory=3GB a na biyu, sannan ka ba da umarnin wsl --shutdown. Ka kuma tabbata an kunna fasahar VT-x ta Intel ko SVM ta AMD a cikin BIOS. Laftof na hannu da yawa suna zuwa da ita a kashe, kuma shi ne dalilin da ya sa Docker Desktop ke ƙin tashi tun ranar farko. A Linux duk wannan ba ya tasowa, Docker Engine yana gudu kai tsaye babu ɗan tsakiya.

Na yanke shawarar Docker. Wane umarni ne daidai, kuma ina ake yin kuskure?

Ga na PostgreSQL 16:

docker run -d --name pg16 -e POSTGRES_PASSWORD=sirrinka -p 127.0.0.1:5432:5432 -v pgdata:/var/lib/postgresql/data postgres:16

Kowane yanki yana da dalili. Sashen -v shi ne ma'ajin da bayananka za su zauna a wajen kwantenar. Idan babu ma'aji mai suna, ranar da ka goge kwantenar ka ƙirƙiri sabuwa za ka tarar da rumbu fayau, tsohon bayanin ya maƙale a wani ma'aji marar suna da sai an sha wuya a gano shi, in ma bai tafi ba. Daga siga ta 18 an sauya wurin, ana ɗaura ma'ajin a /var/lib/postgresql, saboda haka duba sigar da kake ɗauka.

Rubuta lambar siga a ƙarshe, kada ka rubuta latest. PostgreSQL na fitar da babbar siga kowace shekara, 16 ta fito a 2023, 17 a 2024, kuma sabuwa ba ta karanta fayilolin tsohuwa kai tsaye. Wanda ya bar latest, wata rana zai sabunta sai kwantena ta mutu da saƙon cewa fayilolin rumbu ba su dace da sabar ba.

Lambar 127.0.0.1 da ke gaban 5432 tana kulle ƙofar ga na'urarka kaɗai. In ka cire ta, duk wanda kuke kan wayifai ɗaya a ɗakin karatu ko shagon intanet yana iya ƙwanƙwasa rumbunka. A Ubuntu ma abin ya fi muni, domin Docker yana rubuta dokokinsa ta bayan ufw, katangar tsaron Ubuntu, ka ga kamar katanga tana tsaye alhali ƙofa a buɗe take.

Sauran tarko biyu. Kalmar sirrin da ke cikin umarnin ana karanta ta ne sau ɗaya tak, ranar da aka fara gina ma'ajin. In ka sauya ta a umarni daga baya, tsohuwar ce ke aiki, sai ka shiga ka sauya ta da ALTER USER. Na biyu, ga mai tayar da kwantenoni ta fayil ɗin compose, docker compose down yana rushe kwantena ya bar ma'aji, amma docker compose down -v yana haɗawa da ma'ajin ya share. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma babu tambayar ko ka tabbata.

Data ba ta isa ta sauke duk waɗannan ba. Akwai dabara?

Akwai. Fayil ɗin girka Docker Desktop kaɗai ya kai wajen rabin gigabait, na PostgreSQL a Windows ma ɗaruruwan megabait ne. Mutum ɗaya ya sauke da datar dare, saura su kwafa a filash. Ga MySQL a Windows akwai ƙaramin fayil da ke sauke sauran kayan daga intanet yayin girkawa, akwai kuma cikakke. Cikakken za ka ɗauka idan rabawa za a yi.

Samfurin kwantena, wato abin da Docker ke saukewa ya gina kwantena da shi, shi ma ana raba shi ba tare da intanet ba. Wanda ya sauke ya rubuta docker save -o pg16.tar postgres:16, ya ba ka fayil ɗin, kai kuma ka rubuta docker load -i pg16.tar. Aji guda na iya wadatuwa da saukewa ɗaya. Abin kiyayewa shi ne fayil ɗin asali ya fito daga shafin masu manhajar, kada a karɓi wanda ya yi ta yawo a wayoyi ba a san tushensa ba.

XAMPP nake amfani da shi kamar kowa a ajinmu. Laifi ne?

Ba laifi ba ne, ga mai koyon PHP ma babu abin da ya kai shi saurin fara aiki. Sai dai ka san abin da ke hannunka. Maɓallin da aka rubuta wa MySQL a allonsa, MariaDB yake tayarwa tun wajen 2015. Sannan root, asusun da ke da cikakken iko a rumbun, yana zuwa babu kalmar sirri. Kuma rumbun XAMPP yana yawan faɗuwa idan na'ura ta mutu ba shiri.

To ga shi ya faɗi. Jan rubutu ya fito cewa MySQL ya tsaya ba zato. Ya zan yi? Furojet ɗina yana ciki.

Kada ka goge komai, kada ka sake girka XAMPP a kan tsohon. Fara da kwafe foldar xampp\mysql\data gaba ɗayanta zuwa wani wuri. Sannan buɗe fayil ɗin mysql_error.log da ke cikinta, ka karanta layukan ƙarshe. Dalili ba ya wuce biyu a mafi yawan lokuta.

Ko dai wani ya riga shi zama a ƙofa ta 3306, wadda MySQL ke amfani da ita, galibi wani MySQL da aka taɓa girkawa aka manta. Rubuta netstat -ano | findstr :3306 za ka ga lambar wanda ke riƙe da ita, ka nemo shi a Task Manager. Ka tsayar da shi, ko ka mayar da XAMPP 3307 a cikin my.ini, ka kuma gyara saitin phpMyAdmin da na manhajarka su bi sabuwar lambar.

Ko kuma teburan tsarin MariaDB ne suka lalace lokacin da wuta ta yanke. A nan sai ka sauya wa foldar data suna zuwa data_tsoho, ka kwafi foldar backup da ke kusa da ita ka sa mata suna data. Daga data_tsoho ka ɗebo foldojin rumbunanka kawai, ban da mysql da performance_schema da phpmyadmin, ka zuba a sabuwar. Na ƙarshe ka kwafo fayil ɗin ibdata1 daga tsohuwar ka danne na sabuwar. Wannan fayil shi ne rai: in ka bar shi, za ka ga sunayen teburanka amma kowanne ka taɓa sai a ce maka babu shi. Masu amfani da ka ƙirƙira da izininsu za su tafi, sai ka sake yin su. Da zarar ya tashi, abu na farko shi ne fitar da kwafi da mysqldump.

Batirina ya mutu, da an ɗauke wuta na'ura ke mutuwa. Wane rumbu ne ya fi jurewa?

PostgreSQL da teburan InnoDB na MySQL duk an gina su da wannan a rai. Kafin su taɓa ainihin bayani sai sun rubuta abin da za su yi a wani littafin gefe, idan suka farka sai su bi littafin su ƙarasa ko su janye. Teburan MyISAM ba su da wannan kariya, kada ka gina sabon aiki a kansu. Akwai masu ba da shawarar kashe fsync, saitin da ke tabbatar da rubutu ya sauka a kan faifai, don ƙarin sauri. A na'urar da ba ta da batir wannan kai tsaye hanyar asarar rumbu ce, a bar shi a kunne.

Kada foldar bayanai ta zauna a cikin OneDrive ko Google Drive ko kan filash. Masu daidaita fayiloli suna kama fayil a tsakiyar rubutu. Tsayar da rumbun da hannunka kafin ka kashe na'ura ko kafin man janareto ya ƙare. Kuma in da hali, kuɗin sabon batir ya fi arha a kan sati biyu na sake shigar da bayanai.

Sunaye irin Ɗanjuma da Ƙaura suna komawa alamar tambaya. Daga ina matsalar take?

Wannan tambaya ta fi sauran muhimmanci a wajenmu, kuma tun ranar girkawa ake maganinta. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da alamar naira ₦, babu su a tsohon tsarin latin1. Idan rumbu ko tebur ko ma igiyar sadarwar da ke tsakanin manhaja da rumbu tana kan latin1, harafin zai koma alamar tambaya, kuma in an riga an ajiye shi haka ba ya dawowa.

A MySQL da MariaDB ƙirƙiri rumbu da CHARACTER SET utf8mb4. Wanda ake kira utf8 kawai a can guntu ne, bait uku yake ɗauka, haruffanmu za su shiga amma imoji ba zai shiga ba. A PHP kuma ka sa charset=utf8mb4 a layin haɗin PDO, domin sau da yawa rumbun lafiyarsa ƙalau, igiyar ce ke ɓata rubutun. A PostgreSQL tabbatar rumbun yana kan UTF8, umarnin \l a cikin psql zai nuna maka.

Jera sunaye wani batu ne daban. Idan tsarin jerawa C ne, Ɗanjuma zai faɗo bayan Zainab a jerin ɗalibai, kuma lower() ba zai mayar da Ƙ zuwa ƙ ba, sai bincike ya riƙa tsallake mutane. PostgreSQL da aka gina da ICU, wato kayan jera haruffan harsuna daban-daban, yana da tsarin Hausa. Gwada ORDER BY suna COLLATE "ha-x-icu", za ka ga ɗ ya biyo bayan d, ƙ ya biyo bayan k, yadda aka koya mana a firamare.

Aikina yana gudu a Windows, na ɗora a saba sai ya ce babu tebur. Alhali ga shi nan.

MySQL a Windows bai damu da babban baƙi ko ƙarami a sunan tebur ba, a Linux kuwa Dalibai da dalibai abu biyu ne. Saitin lower_case_table_names ne ke bambanta su, kuma a MySQL 8 ba a sauya shi bayan an gina rumbu. Rubuta sunayen tebur da ƙananan baƙaƙe tun farko, babu lanƙwasa, babu tazara. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa girkawa a WSL ko Docker ta fi kama da abin da za ka tarar a saba. In ka zaɓi WSL, ajiye aikin a cikin foldar Linux ɗin, domin duk abin da ke ƙarƙashin /mnt/c yana tafiyar hawainiya.

Rumbu yana gudu amma manhajata ta kasa haɗuwa da shi.

Duba adireshi da farko. A Linux, idan ka rubuta wa MySQL localhost yana neman soket ne, wato wani fayil ɗin haɗi a kan faifai, ba ya bi ta ƙofa. In rumbun yana cikin kwantena, rubuta 127.0.0.1. Idan kuma manhajar ce ke cikin kwantena, localhost a wajenta ita kanta ce, sai ka kira rumbun da sunan da ka ba shi a fayil ɗin compose.

PostgreSQL a Ubuntu yana zuwa da tantancewar peer, wato yana duba sunanka na Linux maimakon kalmar sirri. Shiga da sudo -u postgres psql, ƙirƙiri mai amfani na aikin da kalmar sirrinsa, sannan ka haɗa ta -h 127.0.0.1. Kada ka mayar da komai trust a pg_hba.conf don gudun wahala. Ka kuma lura cewa idan sigogi biyu suna zaune tare, ta biyun tana komawa 5433, pg_lsclusters zai nuna maka wa ke ina. Ubuntu 22.04 tana ba da PostgreSQL 14, 24.04 tana ba da 16, mai son wata siga sai ya ƙara ma'ajiyar apt ta masu PostgreSQL.

Malaminmu ya ce SQL Server. Akwai na kyauta?

Akwai Developer, cikakke ne amma don koyo da gwaji kawai, akwai Express da LocalDB masu sauƙin nauyi. Ga ƙaramar na'ura LocalDB ya fi, domin sai an kira shi yake tashi. Kwantenar SQL Server tana buƙatar aƙalla ram 2GB ita kaɗai.

Ba zai fi sauƙi in yi amfani da na intanet ko SQLite in huta ba?

Na intanet yana da kyau wajen nuna wa mai aiki abin da aka yi. Amma kowace tambaya sai ta tsallaka teku ta dawo, shafin da ke yin tambaya hamsin zai riƙa jan ƙafa, kuma ranar da sabis ya ɗauke aiki ya tsaya cak. A wuraren da ake yawan samun yankewar layin waya, irin yadda aka rufe sadarwa a Zamfara a watan Satumba na 2021, mai rumbu a kan na'urarsa ne kaɗai zai ci gaba da rubutu.

SQLite ya isa ga darasi, ga manhajar waya, ga ƙaramin aikin shago mai kwamfuta ɗaya. Django ma da shi yake farawa. Matsalarsa sassauci: yana iya karɓar rubutu a gurbin lamba bai ce uffan ba, kuma ba ya tilasta alaƙar tebur da tebur sai ka kunna PRAGMA foreign_keys. In saba ce makomar aikin, koma kan ainihin rumbun tun teburan ba su yi yawa ba.

Yaya zan hana sabar rumbun cin batir idan ba na aiki da shi?

A Windows buɗe services.msc, nemo sunansa, mayar da tashinsa Manual. A Ubuntu sudo systemctl disable postgresql, ka tayar da shi da start idan ka zauna aiki. Docker Desktop kuma cire masa alamar tashi tare da na'ura.

Wane irin kwafin ajiya ya kamata in riƙa yi, kuma zan iya ɗauko bayanan mai aiki in gwada da su?

Kwafe foldar data yayin da rumbu ke gudu ba ajiya ba ce, fayilolin na iya fitowa rabi da rabi. Ga PostgreSQL: pg_dump -Fc -f makaranta.dump makaranta, a dawo da shi da pg_restore. Ga MySQL: mysqldump --single-transaction --result-file=makaranta.sql makaranta. Mun rubuta -f da --result-file da gangan. Tsohon PowerShell na Windows, idan ka tura fitarwa da alamar >, yana rubuta fayil ɗin da UTF-16, sai ya ƙi shiga ko ya lalata haruffa masu lanƙwasa. Gwada dawo da kwafin a wani sabon rumbu aƙalla sau ɗaya, ka ƙirga layukan babban teburinka ka ga sun cika. Tsarin teburan kuma ya zauna a Git tare da lambar aikin, da ɗan fayil na bayanan gwaji, yadda ko an sace laftof a tasha za ka tayar da komai a wata na'ura cikin awa guda.

Game da bayanan mai aiki, sunayen marasa lafiya na asibiti ko lambobin wayar iyayen yara ko bayanan manoman wata ƙungiyar shinkafa a Argungu amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kan duk wanda ke riƙe da su. Ƙirƙiri na bogi ka yi gwaji da su. In wata matsala ta ƙi bayyana sai da na gaskiya, nemi izini a rubuce, sauya sunaye da lambobin waya kafin fayil ɗin ya bar saba, kulle faifanka da BitLocker ko LUKS, sannan ka goge rumbun da fayil ɗin da ka sauke ranar da gyaran ya kammala, har da wanda ya rage a foldar Downloads.